Hular da Ta Ƙi Bushewa

Akwai masu sana'ar da idan ma'aikacin haraji ya tambaye su abin da suka mallaka sai su rage, su tura rabi bayan ƙofa. Laifi ne, amma laifi ne da hankali ke iya ganewa. Babakura mai wankin hula na Gwange shi kaɗai na sani a duk Maiduguri da aka tambaya ya ƙara. Zan kawo labarin yadda ya faru, ba ragi ba ƙari, domin ina da haƙƙi a cikinsa, kuma zan faɗi haƙƙin nawa idan an zo wurin.

Shagon Babakura ɗaki ne guda, wanda idan mutum ya miƙe hannuwansa zai taɓa bango da bango. Kayan aikinsa baho biyu ne, da buroshi, da dutsen guga na gawayi, da gumaguman itacen da ake kifa hula a kai ta sha rana. Amma allon da ya kafa a saman ƙofa ya fi shagon faɗi, har ya ci iyakar maƙwabta. An rubuta da manyan baƙaƙe: BABAKURA DA 'YA'YANSA, MASU WANKIN HULAR MANYA. RASSA A KANO, ABUJA DA INJAMAINA. Kano sau ɗaya ya taɓa zuwa, gaisuwar mutuwa. Abuja a talabijin yake ganinta. Injamaina kuwa, wani ɗan Cadi ne ya taɓa kawo hula wanki bai dawo ya karɓa ba.

Gaskiya ɗaya ba zan tauye masa ba: ya iya wanki. Hula ta shiga hannunsa a gajiye, ta fito a tsaye kamar sabuwa. Shi ya sa mutane ke jure bakinsa suna kai masa.

Ranar da Malam Sa'id ma'aikacin haraji ya zo ƙiyasta shagunan layin, teburin shayin Maikuɗi cike yake da mutane. Maikuɗi Bakano ne, teburinsa kuma jingine yake da bangon Babakura, saboda haka duk abin da aka faɗa a shagon da shayi ake haɗiye shi.

"Wushe, Baba," in ji Sa'id, yana gaisuwa irin ta mutanen garin. "Daga ofishin haraji nake. Ma'aikata nawa gare ka?"

Babakura ya ji kalmar haraji sarai. Ya kuma ga idanun 'yan shayi a kansa. Ya ɗora biyun a ma'auni, idanun suka rinjaya.

"A nan kaɗai, ko duka rassa?"

Sa'id ya leƙa ciki ya fito da kansa. "Baba, ni dai baho biyu nake gani."

"Nan ai wurin karɓa ne. Injinan suna Kano."

"Baba, ka bi a hankali. Abin da ka faɗa shi zan rubuta, kuma a kansa za a yanka maka."

"Rubuta mana! Kada ka manta da motar kai kaya."

"Wace mota?" in ji Maikuɗi daga bayan tukunyar shayi.

"Tana hanyar Injamaina. Kai da shayi me ka sani game da mota?"

Sa'id mutum ne mai tausayi. Ya matso ya rage murya, ya ce idan akwai wata magana ta daban a faɗa masa a kunne. Babakura ya ja da baya ya ce su manyan 'yan kasuwa ba sa magana a kunne. To, baki shi ke yanka wuya. Aka yanka masa harajin da ko ya sayar da shagon, da bahon, da allon, har da gumaguman, ba zai kai rabi ba.

Ya danne takardar da dutsen guga ya ci gaba da rayuwa. Shekara ta zagayo, na bana ya hau kan na bara. Ana shirin Babbar Sallah, lokacin da hulunan mutane suka cika shagon har rufi, sai ga Sa'id ya dawo, wannan karon da ƙaton kwaɗo a hannu.

"Baba, an ce kafin Sallah in rufe shagon nan da duk abin da ke ciki. Amma akwai hanya. Wanda ba shi da hali, ya zo ofis da Bulama, wato mai unguwarsa, ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki a gabansa. Sai a sake ƙiyastawa, a rage, a raba masa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Mutane da yawa sun yi, ba wanda ya mutu."

"Wannan hanyar talakawa ce," in ji Babakura.

"To Baba, kai ta ina za ka bi?"

"Za ka gani."

A gida, matarsa Falmata ta ajiye masa tuwo ta zauna ta dube shi.

"Baban Aminat, me ke da wuya a ciki? Ka ɗauki Bulama, ka je ka ce ba ka da shi. Maganar ba ta cika cokali ba."

"Ni? A gaban Bulama? Mutumin da na yi wa alkawarin zan haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse?"

"Kwantar da hankalinka, bai yarda ba."

"Ke ba ki san sha'anin gwamnati ba."

"Na san sha'anin kwaɗo. In aka rufe hulunan mutane aka yi Idi, a ina za ka ɓuya? A reshen Abuja?"

A daidai lokacin dabara ta faɗo masa, har ya ajiye loma.

Washegari ya tara majalisa a teburin shayi: Maikuɗi, da Joseph mai faci, mutumin Askira da ke gyaran taya a bakin layi, da Mikail mai Keke Napep.

"Ku gaya mini," in ji Babakura, "tunda kuke, kun taɓa ganin mai tsadaddiyar hula a layin biyan haraji?"

Suka yi tunani. Ba wanda ya taɓa gani.

"To kun gani. Layi na masu hular da rana ta cinye ne. Babban mutum in ya shiga ofis ba a tambayarsa kuɗi, lafiyar iyali ake tambayarsa. A garin nan hula ake gaisarwa kafin a gaida mai ita. Ni kuma hulunan manyan Maiduguri duk suna hannuna. Za mu shiga da tawaga, mu wuce layi, mu zauna da shugaba, a sha ruwan sanyi, a yage takarda. Kai Maikuɗi, manajan reshen Kano ne."

"Ko ba komai na san hanyar garin," in ji Maikuɗi.

"Kai Joseph, na Injamaina."

"Babakura, ni fa tunda aka haife ni ban taɓa ɗora hular zanna a kaina ba."

"Shi ya sa na ba ka Injamaina. In an yi maka magana ka yi shiru, a ɗauka Faransanci kaɗai kake ji."

"Na Abuja fa?" in ji Mikail.

"Yana taro. Kai direban kamfani ne. Ka ajiye mu nesa da ƙofa, kada a ga keken."

Ba don sun yarda da dabarar suka amince ba. Kallo ne na kyauta, kuma ba kullum ake samun irinsa ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya lura. Hulunan da aka raba wa wannan tawaga ba na Babakura ba ne. Amana ce. Mutane ne suka kawo da kuɗinsu don a wanke, ba don a kai su yawon ofis a kan mai faci ba. Wanda bai ga laifi a nan ba, ya koma aji ɗaya a sake masa darasin tarbiyya.

Shi kuwa Babakura ya zaɓar wa kansa sarauniyar shagon: wata hula 'yar Bama mai koren zare da ruwan zinare, ɗinki ƙanana kamar an jera gero. Wani Alhaji Ibrahim Khalil na Moduganari ya kawo ta tun bayan Ƙaramar Sallah. Babakura ya ga kyanta ya kafa ta a gaban shago tana jawo masa ciniki, duk sanda aka aiko karɓa sai ya ce ba ta bushe ba. A Maiduguri, a tsakiyar bazara, inda riga ke bushewa kafin ka gama shanya ta!

Da safiyar ranar tafiya ya ga hulunan ba su tsaya yadda yake so ba. Ya dama sitaci mai kauri, ya narka ƙaro ya ninka abin da aka saba, ya shafe su ciki da waje don su miƙe kamar hasumiya. Ya taɓa ya ji da danshi, ya ce iskar hanya za ta ƙarasa. Ranar ce kaɗai maganarsa ta zama gaskiya: hular ba ta bushe ba.

Joseph aka fara ɗora wa wata zanna mai ruwan shuɗi, kyakkyawa, mai kamala. Ya ce tana yi masa ƙaiƙayi. Ya cire ya ajiye a kan benci don ya wanke baƙin man da ke goshinsa. Ita kuwa akuyar Ya Kellu, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a tsallaken layi, ta daɗe da sabawa da lasar guntun sitaci a bayan shagon. Ta sunsuna, ta ji abincinta ne aka yi wa siffar hula, ta cafke ta zura da gudu.

"Ku tare ta!" Babakura ya kwarma ihu, ya tattare babbar riga ya bi.

Akuya ta shige ƙarƙashin keke ta fito ta ɗaya gefen. Ta haye teburin shayi, ta yi fatali da gwangwanayen madara. Maikuɗi ya ɗaga ludayi. Ya Kellu ta miƙe da matsamin ƙosai a hannu.

"Duk wanda ya taɓa min akuya sai na soya shi! Ciki gare ta!"

"Ya Kellu, hular mutane take ci!"

"Kai ka sa wa hula abinci. Dabba ta san wanki ne?"

Kafin a kama ta, ta cinye saman hular kaf, sai zagayen baki ya rage kamar gammo. Babakura ya juya shi a hannu, ya jefa bayan baho.

"Ba komai. Mai ita wani tsohon malamin makaranta ne, mai haƙuri ne ƙwarai."

Mu riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Aka sauya wa Joseph wata mai jan zare. Suka shiga keke. Nan aka gano cewa wanda ya ƙera Keke Napep bai yi shawara da mai sitaci ba: hulunan sun fi rufin tsawo. Dole kowa ya karkace wuya, manajan Kano ya kwanta a kafaɗar shugaban kamfani, na Injamaina ya dunƙule kamar mai ciwon ciki. Duk ramin da keken ya faɗa sai ka ji ƙwas, Babakura ya ce, "Mikail, a hankali, dukiyar mutane ce!" Sai a lokacin ya tuna.

Suna hawa gada Maikuɗi ya hango wani ɗan garinsu a gefen titi. Ransa ya ƙi yarda a ce ya sa hula irin wannan ba wanda ya san shi ya gani. Ya zura kai waje ya ɗaga hannu. Iska ta ɗauke hular ta yi sama da ita, ta juya, ta sauke ta a bayan wata motar raguna da ke tafiya ɗaya hannun. Suna kallo wani rago ya sa baki.

"Inna lillahi!" in ji Babakura. "Ta wani lauya ce!"

"To ai gara," in ji Joseph. "Shi ya san yadda zai yi ƙarar ragon."

"Kai ba Faransanci kaɗai kake ji ba?"

Manaja ba ya shiga ofis kai ba hula. Babakura ya miƙa hannu ya zare ta kan Mikail ya kifa wa Maikuɗi. Kan Mikail kuwa babba ne, hular ta sauko ta rufe kunnuwan Maikuɗi ta zauna a kan girarsa. Mikail ya ji haushi, ya sauke su nesa fiye da yadda aka ce, ya juya kekensa ya tafi neman fasinja.

Sauran hanyar a ƙafa suka yi ta, rana kuwa ta buɗe ido. Ƙaro ya fara narkewa. Gumi ya haɗu da sitaci ya gangaro fari-fari ta bayan kunne. Jan zaren hular Joseph ya saki, ya zubo masa a goshi har ya zama kamar wanda aka fasa wa kai. Ƙudaje suka ji labari suka taho, ƙudan zuma guda biyu suka biyo baya. Babakura ya hana kowa kora.

"Babban mutum ba ya kore ƙuda. Ku miƙe wuya!"

Yanzu ga abin da ya fi ba ni takaici a duk labarin: dabarar ta ci a bakin ƙofa. Mai gadi ya ga hula uku sun doso, bai dubi takalman da ke ƙasa ba, bai dubi ƙudajen da ke sama ba, ya ƙame ya sara. Ya ture wata mai ɗinki da ke tsaye tun safe ya buɗe musu hanya. A farfajiya mutane ne cike a kan benci, masu kayan miya, masu gyaran waya, masu niƙa, kowa da Bulamansa, suna jiran a kira su su faɗi halin da suke ciki. Tawaga ta ratsa ta tsakiyarsu. Babakura bai dubi kowa ba, domin wuyansa a sandare yake. Da ya duba, da ya ga Bulaman unguwarsu zaune a bencin gaba, ya rako wani mai gyaran takalmi.

Sa'id ya hango su ya taso da sauri. "Baba, don Allah, ga layin can."

"Malam Sa'id, mu da shugaba za mu gana. Ka samo mana ruwan sanyi."

Shugabar sashen mace ce, Hajiya Rahmat, dattijuwa mai tabarau da ƙarancin magana. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, saboda haka ƙofar ofishinta a wangale take, duk wanda ke farfajiya yana ji yana gani.

Babakura ya zauna tun ba a ce ya zauna ba. Ya gabatar da manajan Kano, wanda sai da ya ɗaga haɓa kafin ya ga Hajiya ta ƙarƙashin hula. Ya gabatar da na Injamaina, ya ce a yi masa uzuri ba ya jin Hausa. Sannan ya shiga jawabi: yadda kamfaninsa ke riƙe da mutuncin kawunan manya, yadda ba a rantsar da kowa a jihar nan sai da hular da ta bi ta hannunsa, yadda wata 'yar takarda ta ɓace hanya ta faɗo shagonsa, wadda ya san tsakanin manya ba sai an tsawaita ba.

Hajiya ba ta dubi fuskarsa ba. Tun da ya shigo idonta na kan hularsa. Babakura ya lura, ya taɓa Maikuɗi da gwiwa, wato ka gani ko?

"Madalla, Alhaji," in ji ta. "Dama irin kamfanoninku muke nema. Ashe ma an yi muku ƙiyasi da sauƙi. Malam Sa'id, a ƙara reshen Abuja a lissafi. Su kuma manajojin, tunda Allah ya kawo su da ƙafarsu, a buɗe wa kowa fayil, harajin albashinsa tun daga shekarar da aka buɗe reshe."

"Hajiya, ni faci nake yi!" Joseph ya miƙe zumbur. "Taya! Ga hannuna ki gani!"

"Ikon Allah. Ka koyi Hausa yanzu-yanzu?"

"Ni kuma shayi da burodi, ranki ya daɗe," in ji Maikuɗi, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Reshen Kano ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba. Kallo na zo."

Dariya ta tashi a farfajiya. Mutane suka bar benci suka matso bakin ƙofa. Babakura ya gyara zama ya ce ƙananan ma'aikata haka suke, ba su saba da manyan ofisoshi ba.

"Bar su," in ji Hajiya. "Ni hular nan taka ce ta ɗauke min hankali. A ina aka ɗinka?"

Nan Babakura ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa. "Hajiya, kin san kaya! Wani tsoho ne a Bama ya ɗinka mini ita musamman. Yana cire allura ya cika. Ba za a sake irinta ba har abada."

"Allah ya jiƙansa. Ɗan juya in ga bayan."

Ya juya a hankali, yana ba farfajiya dama ita ma ta more.

"Ka ga wurin nan da koren ya ɗan fi duhu? Zare ne ya ƙare, na zaga kasuwa ban sami irinsa ba, na cika da wanda na samu." Ta cire tabarau ta ajiye. "Tsohon nan da ya rasu, ni ce. Da hannun nan na ɗinka wa maigidana, Alhaji Ibrahim Khalil. Tun bayan Ƙaramar Sallah yake zuwa Juma'a da tsohuwar hula, wai tasa ba ta bushe ba. Cire min kayana."

Babakura ya kai hannu biyu ya ja. Hula ta ce ba inda za ta. Ƙaro ya narke a rana, ya zo inuwa ya daskare, ya haɗa zare da gashi ya zama abu ɗaya. Ya sake ja, girarsa ta tashi sama, hawaye suka fito. Joseph ya kama ta baya zai taimaka, irin kamun da yake yi wa taya, Babakura ya yi ƙara.

"To," in ji Hajiya, "magana ta zama biyu. Malam Sa'id, ɗauki kwaɗo ka je ka rufe babban ofishin kamfani yau ɗin nan. Sannan a kira min ɗan sandan ƙofa, akwai batun cin amana."

Jin kwaɗo da ɗan sanda a numfashi ɗaya, sai girman kan da Babakura ya shekara yana riƙewa ya fashe. Ya zame daga kujera ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda har mai gadi ya ji.

"Hajiya, ki rufa min asiri! Wallahi ba ni da komai! Ba reshe, ba inji, ba mota! Baho biyu ne da ni, ɗaya ma yana yoyo! Shagon haya ne! Rigar nan ta aurena ce! Hular nan taku ce, ta kan wancan ta wani liman ce, wata akuya ta ci, wata rago ya tafi da ita! In aka rufe shagon nan kafin Sallah, mutanen Gwange za su yi layya da ni!"

Hajiya ta leƙa ta kan taron.

"Akwai Bulaman unguwarsu a nan?"

"Ga ni, Hajiya," in ji Bulama, ya ratso yana dogara sanda.

"Ka ji abin da ya faɗa. Ka shaida?"

"Na shaida. Ai duk Gwange ta daɗe da sani. Shi kaɗai ne labarin bai kai wa ba."

"Shi ke nan," in ji Hajiya Rahmat, ta mai da tabaranta. "Abin da aka ce ka zo ka faɗa tun farko ke nan, ba sai ka ɗauko manajoji ba. Malam Sa'id, ajiye kwaɗon. A sake masa ƙiyasi a kan baho biyu, a raba masa wata-wata. Allon nan kuma a sauke shi a rubuta gaskiya. Ya koma ƙarshen layi ya jira a kira shi kamar kowa."

Masinja ya kawo ruwan ɗumi a buta. A tsakiyar farfajiya, a gaban masu kayan miya da masu niƙa, aka sunkuyar da shugaban kamfani ana tsiyaya masa ruwa a kai, Joseph na murɗawa a hankali, har hula ta fito da rabon gashin da ta samu. Hajiya ta duba cikinta ta miƙa masa da yatsa biyu.

"Ka wanke ta, ka kawo gobe. A bushe."

Sai bayan la'asar aka kira shi, shi ne na ƙarshe. Ya dawo Gwange a ƙafa, kai ba hula, da tabo-tabo a ƙeya kamar gonar da fara ta sauka. Falmata ta dube shi daga sama har ƙasa.

"An rage?"

"An rage."

"Ka faɗa a gaban Bulama?"

"Bulama ne ya dace yana wurin."

"Sannu da sha'anin gwamnati, Baban Aminat."

Kada ku ɗauka ya yi laushi. Kafin magariba yana teburin shayi, ya naɗe kai da tawul, yana gaya wa waɗanda ba su je ba cewa shi ya tsara komai tun farko. "Na ce muku hula za ta yi aiki ko ban ce ba? Wa ya shigar da mu har gaban shugaba? Wa ya sa aka rage?" Sabon allon ma da aka kafa, BABAKURA MAI WANKIN HULA, sai da ya sa aka ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: Babban Ofis.

Yanzu mu dawo kan maganar da na ce a riƙe. Hajiya ta karɓi hularta a bushe. Liman ya karɓi tasa bayan an sake wankewa. Lauya ya rubuto wasiƙa ɗaya, aka sayo masa sabuwa cikin gaggawa. Shuɗiyar zannar da akuya ta ci kuwa, tawa ce. Ɗalibaina ne suka haɗa hannu suka saya mini ranar da na ajiye alli. Da tsohuwar hula na je Idi. Kuma ina so a sani, wanda ya ce ni mai haƙuri ne ƙwarai bai taɓa zama a ajina ba.

Buƙatuna biyu ne. Na farko, a kira mai gadin nan a tambaye shi dalilin da ya sa yake sara wa hula yana ture mai ɗinki, domin da ya dubi mutum maimakon abin da ke kansa, da wani bai yi sha'awar ɗaukar kayan mutane ba. Na biyu, a biya ni hulata, shuɗiya, irin waccan, ba mai kama da ita ba.

Na je na sami Babakura da maganar. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai shi yanzu ya san hanya: wanda ba shi da hali, a gaban Bulama yake faɗa, a raba masa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya kira Bulama, ya faɗa da ƙarfi ba ko kunya, har da ɗaga hannu, domin yanzu da wannan ma alfahari yake yi. Na ga hukuma da kwaɗonta ta yarda, ni da ba ni da ko sakata me zan ce? Na yarda.

Jiya ya aiko da kason farko a ƙulle cikin leda. Na kwance a gaban shaidu. Zare ne, ƙulli ɗaya. Kuma ja ne.